Tauraro Biyu da Rabi

Kader ya rasu ranar Talata da hantsi, a kan titin da ya bi ta bayan tashar jirgin ƙasa. Yana bayan zem, babur ɗin haya, ya ɗauko kwalin gilasan waya daga kasuwa zai kai shagonsa, wata tirela ta ja da baya ba ta gan su ba. Mai babur ɗin ya karye a cinya, ya rayu. Kafin la'asar an yi wa Kader sallah an kai shi. Matarsa Karimatou, wadda suka shekara tara tare, an shigo da ita kafin a fita da shi ta yi masa addu'a a kan likkafani, ta yi, aka riƙe hannunta aka mayar da ita ɗaki.

Da yamma yayansa Muhuyi ya aiko mata da baƙar leda. A ciki akwai takalmin Kader ƙafa ɗaya, makullin shago, da wayarsa, gilashin ya tsage ta gefe. Ta tura ledar ƙarƙashin gado.

Ta shiga takaba a ɗakinsu na haya, ciki da falo, a wani gida mai ɗakuna bakwai cikin unguwar Zongo a Cotonou. Mata suna shigowa layi-layi, 'yan Djougou garinsu, 'yan Gaya, matan 'yan kasuwar Kano.

"Ya haƙuri?"

"Da godiya."

Ba ta yi kuka ba. Tsofaffi suka riƙa yaba mata, wai yarinya ce mai tawakkali. Ita ta san ba tawakkali ba ne. Jikinta ne gaba ɗaya ya zama kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta, ka taɓa ka ji kamar ta wani ce. Idan aka ajiye mata abinci ta ci. Idan aka kira sallah ta tashi. Damina ta sauka, ruwa ya cika tsakar gidan har aka jera bulo ana takawa, tana zaune tana kallonsa ta ƙasan labule.

Rana ta tara ƙanwarta Bouchra, wadda ke aikin sakatariya a wani kamfanin shigo da kaya a Ganhi, ta biyo daga aiki ta ce masu wayoyin da suka bar wa Kader gyara sun fara zuwa shago suna tambaya. Dole a duba lambobinsu. Ta jawo ledar, ta sa wayar a caji. Karimatou ta zana mata mabuɗin da yatsa. Wayar ta buɗe, ta yi ta kaɗawa kusan minti ɗaya ba ta tsaya ba.

"Yaya Karima, waɗannan su waye? Saƙo tamanin da wani abu. Ba Faransanci ba ne ma rabinsu."

Karimatou ta karɓa ta duba. Hoton da ke gefen kowane saƙo fuska ce a rufe da ƙyalle mai launi, an huda wurin ido da baki.

"Dodanninsa ne," ta ce.

Haka take kiransu. Kullum bayan azahar Kader yana rufe shago ya zo gida cin abinci, ya jingina wayar da fulas ɗin shayi, ya ci yana kallon kokawar 'yan Mexico. Ba irin ta talabijin mai fitilu da hayaƙi ba. Waɗannan a gareji ake yi, ko filin da aka rufa da kwano, 'yan kallo a kan kujerun roba, mutum ɗaya yana ɗauka da waya hannunsa na rawa. Ya taɓa gaya mata cewa makanikai ne da masu gasa burodi, ranar Lahadi kawai suke rufe fuska su hau igiya. Ta ce to Allah ya shirye su, ta ci gaba da kwashe kwanuka.

Abin da ba ta sani ba shi ne yana rubutu. Bouchra ce ta gano mata. Akwai wani shafi da 'yan kallo daga ko'ina suke shiga, kowa ya faɗi ra'ayinsa kan wasan da ya gani, ya ba shi taurari daga ɗaya zuwa biyar, har da rabi da kwata. Kader yana can da sunan KaderZongo. Cikin shekara shida ya yi rubutu dubu ɗaya da ɗari da 'yan kai, duka da Faransanci, masu karantawa suna danna fassara. Saƙonnin duk tambaya ɗaya suke yi ta baki daban-daban: ina ya shiga, wasan Lahadi ya wuce bai ce komai ba.

Bouchra ta kwafe lambobin masu gyara ta tafi. Wayar ta zauna a kan tabarma.

Karimatou ta yi makaranta har aji huɗu na kolej kafin a cire ta. Tana karanta Faransanci, amma a hankali, leɓenta na motsi. Washegari bayan ta share ɗaki, ba don tana so ba sai don babu wani abin yi, ta buɗe na ƙarshe da ya rubuta. Ranar Litinin ne, kwana ɗaya kafin tirelar.

"Alacrán Tuerto ya yi tsalle uku masu kyau, amma yana sauri kamar wanda ya bar tukunya a wuta. Abokin karawarsa yaro ne, bai iya faɗuwa ba tukuna, yana sa hannu. Zai karye in bai daina ba. Uku da kwata."

Ta karanta na bayansa, da na bayan wannan. Kader a gida ba mai magana ba ne. Sannu da gida, akwai ruwan zafi, Allah ya yi albarka, shi ke nan. A nan kuwa sai ya cika allo da zance kan yadda wani ya riƙe wuyan wani. Yana faɗa da mutane. Wani Bafaranshe ya ce masa bai san kokawa ba, ya mayar masa da layi talatin. A wani wuri ta tarar da kanta:

"Matata ta leƙo ta ce alƙalin wasan ya yi kama da mai gidan hayarmu. Gaskiyarta, har tafiyar. Na ƙara kwata saboda haka."

Ta tuna ranar. Miyar kuɓewa ta yi. Ta ajiye wayar ta duba bango na ɗan lokaci, sannan ta ɗauka ta ci gaba.

Daga nan ya zama aikinta. Bayan karin kumallo ta karanta na wata guda ko biyu, tana komawa baya. Ta fara gane sunaye. Akwai wanda Kader ya fi rubutu a kansa, Don Ceniza, mai ƙyallen fuska ruwan toka da tumbi, wanda a gida yake ce wa Baban Toka. Ba ya yabonsa sosai, amma ba ya barin wasansa ya wuce. Ta lura kuma kowane rubutu yana ɗauke da rana da sa'a. Ta ga wanda ya rubuta ranar da ruwa ya ci gidan ƙanwar babarsa a Ladji suka wuni kwashe kaya. Ta ga na ranar Sallah babba. Ba ta nemi wata rana musamman ba, amma ta san tana tafiya wajenta, kamar yadda mai saukowa daga bene ya san akwai matakalar ƙarshe.

Ta isa can a kwana na talatin da uku. Sha huɗu ga Maris, shekara uku baya, ƙarfe biyu da minti arba'in na rana.

Ranar ce ta haihu a asibiti, haihuwarta ɗaya tak a shekara tara. Namiji ne, bai zo da rai ba. Ungozoma ta fita ta kira Kader, ya shigo, aka miƙa masa jaririn a naɗe cikin zanenta. Ya riƙe shi, ya duba fuskar, bai ce komai ba. Shi da Muhuyi suka tafi suka binne. Da ya dawo ya kawo mata shayi da burodi, ya tambaya ko a ƙara sukari. Shekara uku tana riƙe da wannan tambayar a ranta, ba ta taɓa gaya masa ba.

Rubutun gajere ne.

"Don Ceniza da Alacrán Tuerto. Ina kallo a kan benci, ba sauti, an hana surutu a nan. Minti na sha ɗaya Ceniza ya faɗo daga igiya ta uku, Alacrán ya kauce, ya bugu da ƙasa ya kwanta. Alƙali ya fara ƙirga. Na san zai tashi, kullum a takwas yake tashi. Na mayar da wurin baya sau shida ina kallon yadda yake yi. Gwiwa ɗaya tukuna, sai hannu a igiya, sai sauran jikin. Ban da wannan ba wani abin kirki a wasan. Wata mata ta fito tana kiran sunana. Zan tsaya nan. Biyu da rabi."

A ƙasa mutum huɗu sun yi magana. Biyu sun ce taurarin sun yi kaɗan. Ɗaya ya sa hoton dariya ya tambaya wace mata ce. Kader bai amsa kowa ba. Rubutunsa na gaba sai bayan kwana goma sha tara.

Ta karanta sau biyu. Ta zauna tana jiran abin da zai taso mata, fushi ko kuka ko wani abu. Maƙwabciyarta tana daka a waje, rediyon wani ɗaki yana sanarwar bikin suna. Babu abin da ya taso. Ta tashi ta zuba shinkafa a faranti ta fara tsince tsakuwa.

Da Bouchra ta zo ta miƙa mata wayar ba tare da bayani ba. Bouchra ta karanta, ta duba kwanan watan, ta sa hannu a baki.

"Kina ciki kina fama, shi yana kallon wasa?"

"Tun asuba yake kan bencin. Ba sa barin maza su shiga."

"Duk da haka, Yaya."

"Me kike so ya yi da hannunsa?"

Bouchra ta sake karantawa, wannan karon a hankali, sai hawaye ya zubo mata. Ta goge da gefen mayafi.

"Ke me kika ji da kika gani?"

"Ban ji komai ba. Ki ɗauko mini murfin tukunyar can."

Ranar sadakar arba'in, bayan malamai sun watse, Muhuyi ya tsaya a bakin ƙofa ta bayan labule. Dillalin albasa ne, mutum mai sanyin murya, shi ya riƙe Kader tun yana ɗan shekara goma sha biyu da ubansu ya rasu. Ya gaishe ta, ya tambayi abin da ya ƙare a gidan, sannan ya yi gyaran murya.

"Karimatou, an ce mini akwai wasu abubuwa a wayar marigayi. Hotunan maza ba riga, da rubuce-rubuce."

"Kokawa ce, Yaya Muhuyi."

"Na sani. Ban ce mugun abu ya yi ba. Amma abin da mutum ya bari mutane suna kallo, yana bin sa har kabari, alheri ko akasinsa. Ni dai tsoro nake ji masa. Gara a goge."

"To. Ka bar mini ita in fita takaba."

Ya juya zai tafi. "Shi ke nan. Allah ya ƙara haƙuri."

Saƙonnin ba su daina zuwa ba, sun dai ragu. Wani ya rubuta cewa ko an kore shi daga shafin ne. Wani ya ce wataƙila ya koma kallon ƙwallo. Wata ranar Asabar Karimatou ta ce wa Bouchra ta rubuta musu, don bai kamata a yi ta kiran mutum ba ya nan. Ita ta faɗa, Bouchra ta buga: "Ni matar Kader ce. Ya rasu a hatsarin mota a Cotonou, wata biyu ke nan. Ba zai ƙara rubutu ba. Wanda ya ɓata wa rai ya yafe masa."

Kafin magariba amsa ta haura ɗari. Bouchra tana danna fassara tana karanto mata. Bafaranshen da suka yi faɗa ya rubuta cewa shekara biyar yana buɗe shafin don ya ga me Kader zai ce ya musa masa, yanzu bai san me zai yi da safiyar Litinin ba. Wani daga Japan ya sa hoton kyandir. Da yawa ba su san inda Cotonou take ba, wani ya ɗauka unguwa ce a Marseille. Karimatou ta saurari kamar ashirin ta ce ya isa.

Bayan mako uku wani saƙo ya shigo shi kaɗai, daga wata yarinya. Ta ce ita 'yar Don Ceniza ce. Babanta mai walda ne a wani gari kusa da Puebla, shekararsa hamsin da biyu, bai iya shiga shafin ba, ita take karanta masa. Ta ce Kader ya yi rubutu kan wasannin babanta ɗari da arba'in, bai taɓa ba shi sama da uku da rabi ba, kuma sau da yawa babanta yana zagin Kader a kan tebur. Amma Kader ne ya fara rubuta cewa gwiwar hagu ta tsohon ta lalace, gara ya daina faɗowa daga igiya ta uku, wata bakwai kafin likita ya faɗi haka. A ƙarshen saƙon akwai bidiyo.

Karimatou ta kalla da rana tsaka, ita kaɗai. Gareji ne mai rufin kwano, mutane ba su fi tamanin ba, yara sanye da ƙyallen fuska, wata mata tana yawo da kwando a kai tana sayar da wani abu. Mai lasifika ya yi dogon jawabi da yarensu, ba ta tsinci komai ba sai "Kader" da "Afrika" da wani abu mai kama da Cotonou. 'Yan kokawa takwas suka hau suka jeru. Na tsakiya mai ruwan toka ne, gwiwarsa a ɗaure, yana riƙe da yankin kwali an rubuta KADER ZONGO da baƙin fenti, harafin ƙarshe ya matse don wuri ya ƙare. Aka buga ƙararrawa sau goma, a hankali. Wani jariri yana kuka a cikin 'yan kallo. Kare ya ratsa ta gaban kujeru. Bayan ta goma aka saki kiɗa, aka ajiye kwalin a gefe, aka fara wasa.

Ta kalli wasan har ƙarshe, minti goma sha shida. Mai ruwan tokar bai hau igiya ba ko sau ɗaya. An kayar da shi. A ƙasan bidiyon mutane sun riga sun fara ba da taurari, yawanci huɗu da biyar, wani ya rubuta cewa da Kader na nan da biyu zai ba su, kuma da gaskiyarsa. Wani ya tambaya ko matar marigayin za ta faɗi nata, ko da sau ɗaya. Ta karanta tambayar, ta kashe wayar, ta fita kwashe shanya don hadari ya haɗu.

Ranar da ta cika wata huɗu da kwana goma ta yi wanka, ta sa atamfar da babarta ta aiko. An riga an yanke za ta koma Djougou. Muhuyi ya zo da la'asar, wannan karon ya shigo falo ya zauna a kujerar roba. Kafin ta ba shi wayar ta buɗe bidiyon ta miƙa masa. Ya riƙe ta nesa da fuskarsa, ya ƙanƙance ido. Ya kalla har aka gama ƙararrawar.

"Musulmi ne?"

"A'a."

"Sun taɓa ganinsa?"

"Ba su taɓa ba."

"To me ya yi musu?"

"Yana kallonsu ne. Ya faɗi wanda ya iya da wanda bai iya ba."

Muhuyi ya mayar da bidiyon farko da kansa, da ƙyar ya samu wurin dannawa. Ya sake kallon mutanen takwas a jere. Sannan ya kife wayar a cinyarsa.

"Yaron nan shekara ashirin da biyar yana gabana, ban taɓa jin ya faɗi ra'ayinsa a kan komai ba," ya ce. Da ya miƙe ya sa wayar a aljihun gaban rigarsa. "Zan kai a wanke ta duka. Hankalina zai fi kwanciya."

"To, Yaya Muhuyi."

Bouchra, da ke tsaye a ƙofar ɗaki, ta buɗe baki. Karimatou ta dube ta, ta rufe. Su biyun sun san rubutun ba a cikin wayar yake zaune ba, wanke ta ba zai taɓa ko layi ɗaya ba. Sun kuma san mabuɗin shiga da sunansa a cikinta kaɗai yake, ba wanda ya haddace shi. Muhuyi ya yi musu sallama ya fita yana taka bulo.

Bayan kwana biyu Bouchra ta raka ta tashar mota da sassafe. Kayanta jaka biyu ne da tukwane a ɗaure cikin zane. Gado da kujeru an bar wa mai shigowa ɗakin.

"In kina son ganin rubutun, ki gaya mini, in turo miki a wayarki," in ji Bouchra ta taga.

"To."

"Za ki gaya mini?"

"Ban sani ba. Ki je kar ki makara aiki."

Motar ta tashi ƙarfe bakwai da rabi. Matar da ke kusa da ita, wata 'yar kasuwa mai jiki, ta roƙe ta ta riƙe mata kular abinci a cinya don nata wurin ya cika. Karimatou ta karɓa. Kular da ɗumi. Matar ta tambaye ta ko ziyara za ta je, ta ce a'a, komawa ce. Suka wuce Godomey cikin cunkoso, aka fita gari, matar ta yi barci da baki a buɗe. Karimatou ta riƙe kular har Bohicon, inda aka tsaya hutawa.